RAHOTON MUSAMMAN: Ma'aikatar da ba ta da minista, sai yara da masu sauraronsu

A titin Hoxton da ke gabashin birnin Landan akwai wata ma'aikata wadda ba ta da minista, ba ta da babban sakatare, kuma ba a taɓa aika sunan shugabanta majalisa domin tantancewa ba. Sunanta Ministry of Stories, wato Ma'aikatar Ƙaga Labarai. Duk mai son shiga cikinta sai ya ratsa ta wani ƙaramin kanti da ke iƙirarin cewa kayan masarufin dodanni yake sayarwa: tsoro da aka rufe a gwangwani, gishirin da aka ce da hawaye aka yi shi, da zaren sakace na masu fiƙa. Wanda ya sayi gwangwanin tsoro ya buɗe a gida, alewa zai tarar a ciki. Kuɗin da ya biya kuwa sun tafi bayan kantin, inda wata ɓoyayyiyar ƙofa ke kai mutum cikin wani ɗaki mai tebura da fensira da takardu. A nan yaran unguwar ke zuwa, wasu da safe tare da malaminsu, wasu bayan an tashi daga makaranta, su zauna kusa da manyan mutanen da ba su haɗa dangi da su ba, waɗanda kuma ba a biyansu ko sisi, su rubuta abin da ke ransu.

Waɗannan manyan mutane su ne masu aikin sa-kai. A ƙasar nan, da zarar an ce 'yan sa-kai, hoton da ke zuwa wa mutum shi ne na matasa ɗauke da bindigar toka a bakin daji. Halin da muka shiga ne ya janye kalmar zuwa can. Asalinta dai mutumin da ya miƙa kansa ga aiki ba don lada ba, kuma da wannan ma'anar za a ji ta a rahoton nan. A ɗakin Hoxton akwai ɗalibin jami'a, akwai ɗan jarida, akwai ma'aikacin ofis da ya sato awa biyu daga ranarsa, akwai tsohon malamin da ya yi ritaya amma ƙurar alli ba ta fita daga jikinsa ba.

Marubucin nan Nick Hornby, wanda shi ma ya taɓa koyarwa a makaranta, shi ne ya buɗe wurin a shekarar 2010 tare da Lucy Macnab da Ben Payne. Sai dai dabarar aro ce. Daga Amurka ta ƙetaro.

Kantin 'yan fashin teku

A farkon shekarun 2000 Dave Eggers matashin marubuci ne da littafinsa na farko ya yi kasuwa, kuma yana da ƙaramar maɗaba'a mai suna McSweeney's. Mahaifiyarsa malama ce, yawancin abokansa na jami'a ma koyarwa suka shiga. Kukan da yake ji daga bakinsu iri ɗaya ne kullum. Malamin sakandare yana da aji biyar, kowane aji da ɗalibai 30 zuwa 40, da yawansu daga gidajen da ba a magana da Ingilishi. Ko da ya hana kansa barci, ba zai iya ba kowane yaro sa'a guda a mako shi kaɗai ba. Abin da suke nema shi ne ƙarin hannu, mutanen da suka iya karatu da rubutu, waɗanda za su zauna da yaro ɗaya su duba aikinsa layi bayan layi. Eggers kuwa yana zagaye da marubuta da editoci da 'yan jarida waɗanda ba su da lokacin shiga ofis ko na tashi, da yawansu a sake suke da la'asar, daidai lokacin da yara ke fitowa daga makaranta. Ga mabuƙata, ga masu abin bayarwa, amma ba mai haɗa su.

A 2002 ya kama hayar wani gini mai lamba 826 a titin Valencia, cikin unguwar Mission a San Francisco, unguwar da ta cika da iyalan da suka yi ƙaura daga Meziko da ƙasashen tsakiyar Amurka. Shirin shi ne maɗaba'ar ta zauna a baya, yara su yi karatu a tsakiya. Sai mai gida ya sanar da su cewa dokar tsara birni ta ware wannan layin domin kasuwanci, dole gaban ginin ya zama kanti, dole a sayar da wani abu. Da suka ɓamɓare rufin ɗakin da shimfiɗar ƙasa, sai katako ya bayyana sama da ƙasa, wani daga cikinsu ya ce wurin ya yi kama da cikin jirgin ruwa. Daga wannan raha aka yanke shawarar sayar da kayan aikin 'yan fashin teku irin na tatsuniyoyin Turawa: ƙyallen rufe ido ɗaya, ƙafar katako, idon gilashi, tuta mai ƙoƙon kai. Tilas, in ji masu iya magana, ba ta rasa ɗakin kwana.

Aka kafa allo a bakin ƙofa cewa ana koyar da yara kyauta. Makonni suka wuce, masu sa-kai na zaune suna kallon juna, ba yaron da ya leƙo. Eggers ya ba da wannan labari da kansa a jawabin da ya yi a 2008 lokacin da aka ba shi lambar yabo ta TED, kuma bai ɓoye dalilin ba: wace uwa ce za ta tura ɗanta wurin baƙin mutane a bayan kantin 'yan fashi? Abin da ya buɗe ƙofar shi ne shigowar Nínive Calegari, ƙwararriyar malama da ta san makarantun gwamnati, ta san yadda ake magana da shugabannin makarantu da iyaye. Ita ta bi malamai ɗaya bayan ɗaya har suka yarda. Da yara suka fara zuwa, sai wurin ya cika maƙil. Tun ana lissafin masu sa-kai da yatsu, har rajistarsu ta kai mutum 1,400 a birnin kafin 2008.

Kantin da aka buɗe don kauce wa doka kuwa sai ya zama rabin sirrin nasarar. Na farko, ya fara kawo kuɗin da ke biyan haya. Na biyu, mai wucewa kan shigo don dariya, ya hango yara a ciki suna aiki, ya tambaya, wani lokaci ya fita da takardar neman zama mai sa-kai. Na uku shi ne wanda malamai suka fi daraja. Yaron da aka ce ya tafi cibiyar taimaka wa masu rauni a karatu ya san an yi masa tambari, abokansa ma sun sani. Yaron da ya ce zai tafi kantin 'yan fashin teku ba wanda zai yi masa dariya. Haziƙi da mai jan ƙafa teburi ɗaya suke zama, ga kuma editoci a gefe suna aikin mujallarsu ta gaske, yaro na ganin cewa rubutu sana'ar manya ce da ake ci da ita.

A 2004 aka buɗe irinsa a Brooklyn ta birnin New York, inda kantin gaba ke sayar da kayan jaruman nan na fim masu tashi sama. Na Los Angeles guzurin masu tafiya zuwa zamanin da ya shuɗe ko mai zuwa yake sayarwa, na jihar Michigan kuwa da kayan gyaran mutum-mutumi ya fara. Roddy Doyle, marubucin Ireland da ya ci kyautar Booker a 1993 bayan ya shafe shekara 14 yana koyarwa a wata makarantar arewacin Dublin, ya ziyarci San Francisco ya gani da idonsa, ya koma gida ya buɗe Fighting Words a 2009 tare da Seán Love, tsohon shugaban reshen Amnesty International na ƙasar. Landan ta biyo baya a 2010, Sweden a 2011, Sydney ta Ostireliya a 2012.

Awa biyu, littafi guda

Aikin da ya fi shahara a waɗannan cibiyoyi shi ne wanda ake yi wa ajin firamare da safe, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, domin a cikinsa ake gane abin da masu sa-kai ke yi a zahiri.

Malami ya zo da ajinsa gaba ɗaya. Ana ɗaukar hoton kowane yaro a bakin ƙofa, ba tare da an gaya masa dalili ba. Sai a sanar da su cewa akwai wani mai maɗaba'a, masifaffen mutum da ba ya fitowa a gan shi, muryarsa kawai ake ji daga bayan bango ko daga sama. Wannan mutum ya rantse cewa yara ba su iya ƙaga labari ba, kuma zai kori ma'aikatansa in ba a kawo masa sabon labari kafin awa biyu ba. Yaran sun san wasa ne, amma wasan na kama su. Mai jagorantar zaman ya tambaya: wane ne jarumin labarinmu? Me yake so fiye da komai a duniya? Me yake tsoro? Wane ne amininsa? Hannuwa su tashi, a kawo shawarwari, a kaɗa ƙuri'a. Ƙa'ida ɗaya ce mai tsauri: ba a aro jarumi daga fim ko talabijin, sai sabo fil. Wani mai sa-kai na zaune a gaban kwamfuta yana buga duk jimlar da aka amince da ita, tana fitowa a allon majigi da manyan baƙaƙe, yaro na kallon maganar da ta fito daga bakinsa ta zama rubutu nan take. Wani kuma, mai zane, yana gefe yana fitar da surar jarumin kamar yadda suke siffanta shi.

Daidai inda labari ya ɗauki zafi, jarumi ya shiga tsaka mai wuya, sai a tsaya. Kowane yaro ya koma teburi da fensir ya rubuta nasa ƙarshen. A nan ne aikin masu sa-kai yake. Mutum ɗaya na zama da yara uku ko huɗu, ba ya rubuta musu, ba ya ba su amsa. Tambaya kawai yake yi: sai me ya faru? Da ta buɗe ƙofar me ta gani? Yaron da ya ce ba shi da abin rubutawa, sai a ce ya faɗa da baki, in ya faɗa a ce to ai ga shi nan, sa shi a takarda. Kafin su gama an buga shafukan farko da zanen, an haɗa da shafin kowa, an ɗinke. Masifaffen mai maɗaba'a ya karanta, ya kira sunan yara ɗaya bayan ɗaya, ya ambaci wani abu takamaimai da ya burge shi a rubutun kowa, ya janye maganarsa. Yaro ya koma gida da littafi a hannu, sunansa a jiki, hotonsa a bangon baya inda ake sa hoton marubuci.

A wannan zama ba a ba da maki, ba a jan layi da jan biro, ba a tsayar da yaro don ya rubuta kalma ba daidai ba. Nan ne wasu malamai ke ɗaga gira, kuma ƙorafinsu ba na banza ba ne. Jarrabawa ba ta san raha ba, kuma yaron talaka ya fi kowa buƙatar ƙa'idar rubutu, domin ba shi da wanda zai yi masa alfarma in takardar neman aikinsa ta fito da kurakurai. Yaba wa yaro kan rubutun da ke cike da gyara na iya zama yaudara mai kama da tausayi.

Amsar da masu cibiyoyin ke bayarwa a aikace take. Gyara na zuwa, amma sai bayan yaro ya samu abin da yake kishin a gyara. A 2004 fitacciyar marubuciyar nan 'yar asalin Chile, Isabel Allende, ta ɗauki nauyin wani littafi da ɗaliban sakandaren Thurgood Marshall ta San Francisco suka rubuta kan yadda za a zauna lafiya a duniyar da ta cika da tashin hankali, abin da da yawansu suka sani a unguwanninsu ba a littafi ba. Masu sa-kai fiye da ɗari suka yi ta zuwa makarantar. Eggers ya ce da ɗaliban suka tabbatar littafi ne na gaske, za a sayar da shi a kantuna, kuma ba mai iya goge shi, sai suka riƙa sake rubuta aikinsu sau biyar, sau shida, su da a da ake fama da su kan aikin gida na shafi ɗaya. Duk hadimin da ya taɓa rubuta wa maigidansa jawabi ya san wannan bambanci. Takardar da aka san fayil za ta shiga ta kwanta, da wadda aka san gobe za a karanta ta a gaban jama'a, ba hannu ɗaya ke rubuta su ba, ko da mutum ɗaya ne. Yawancin rubutun da yaro ke yi a makaranta mai karatunsa mutum ɗaya ne, shi ma kuskure yake nema.

Don haka cibiyoyin suka mayar da hankali ga samar wa yara masu karatu. Bayan zaɓen 2008 a Amurka, an tattara wasiƙun da yaran cibiyoyin 826 suka rubuta wa sabon shugaban ƙasa Barack Obama, masu shawara da masu roƙo da masu gargaɗi, aka buga su littafi a 2009. A Ireland, jaridar Irish Times kan fitar da ƙari na musamman duk shekara ɗauke da rubutun yara da matasan Fighting Words. Yaran Hoxton kuwa a 2012 ƙasa suka kafa ta kansu, Jamhuriyar Yara ta Shoreditch, suka zauna suka rubuta mata manufofi.

Akwai kuma labarin Amanda Gorman, wadda ta karanta waƙarta a bikin rantsar da Shugaba Joe Biden ranar 20 ga Janairu, 2021, tana da shekara 22. Ta taso da matsalar furuci, akwai baƙaƙen da harshenta ba ya iya fitarwa. Tana da shekara 14 ta shiga WriteGirl, wata ƙungiya a Los Angeles da aka kafa a 2001, wadda ke haɗa 'yan mata da marubuta mata masu sa-kai. Ƙungiyoyin irin wannan na son ambaton sunanta, kuma suna da hujja. Amma mahaifiyarta malamar makaranta ce, ita kuma daga baya Harvard ta tafi. Ba da irinta ake auna aiki ba. Da yaron da ba wanda zai taɓa jin sunansa ake aunawa.

Abin da bincike ya nuna

Dalilin da ya sa ƙasashe masu arziki ke wannan fafutika a bayyane yake a alƙalumansu. Wata ƙungiyar Birtaniya, National Literacy Trust, tana tambayar yara 'yan shekara 8 zuwa 18 tun 2005 ko suna jin daɗin karatu a lokacin hutunsu. A 2024 kashi 34.6 cikin ɗari ne suka ce eh, a 2025 adadin ya sauka zuwa 32.7, mafi ƙaranci tun da aka fara tambayar. Waɗannan yara ne da galibinsu sun iya karatu, sha'awar ce ta mutu. A ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ciwon daban ne. Ƙiyasin da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ce kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara 10 a waɗannan ƙasashe ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi, a Afirka kudu da Sahara kuwa adadin ya doshi kashi 90. Maganin wanda ya ƙi cin abinci daban yake da na wanda bai samu ba, kuma duk mai son kwaikwayon Hoxton ya kamata ya fara tantance wanne ne a gabansa.

Auna tasirin zaman ƙaga labari abu ne mai wuya, domin ƙarfin zuciya da sakin baki ba sa hawa sikeli. Inda aka samu ingantaccen awo shi ne ɓangaren koyar da karatu kansa. A Amurka, cibiyar bincike ta MDRC ta bi diddigin shirin Reading Partners, inda mai sa-kai ke zama da yaro ɗaya sau biyu a mako, minti 45 kowane zama, yana bin tsararren darasi. An raba yara fiye da 1,000 a makarantu 19 ta hanyar ƙuri'a, wasu suka shiga shirin, wasu ba su shiga ba. Bayan shekara guda waɗanda suka shiga sun yi gaba da abin da ya kai ci gaban wata ɗaya da rabi zuwa wata biyu na karatu. Riba ce ta gaske, amma ba irin wadda za a buga mata ganga ba.

Binciken da ya fi kusa da yanayin ƙasashe irin namu shi ne wanda aka yi a gundumar Jaunpur ta jihar Uttar Pradesh a Indiya, aka wallafa a 2010. Cikin masu binciken akwai Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, da Rukmini Banerji ta ƙungiyar Pratham. A binciken da ya shafi ƙauyuka 280 an gwada hanyoyi uku. An tara mutanen gari an bayyana musu haƙƙinsu a kan makaranta: ba abin da ya canja. An koya musu yadda za su gwada karatun 'ya'yansu da kansu su ga girman ɓarnar: nan ma shiru. A hanya ta uku sai aka nemi matasan ƙauye masu sa-kai, aka horar da su na kwana huɗu kacal, suka buɗe azuzuwan karatu bayan an tashi daga makaranta na 'yan watanni. Yaran da suka halarta sun samu ci gaba mai yawa, waɗanda ba su san ko baƙi ɗaya ba suka fara ganewa. Sai dai ƙasa da yaro ɗaya cikin goma ne ya halarta. Masu sa-kai sun iya aikin, amma hannunsu bai kai ga yawancin yaran ba. Wannan ne ya sa Pratham ta karkata ga shigar da salon cikin makarantun gwamnati, inda ake raba yara bisa matakin karatunsu na gaskiya maimakon ajin da suke. Salon ya riga ya iso Najeriya, an gwada shi a makarantun firamare a Borno da Kano.

Inda gizo ke saƙar

Haɗarin da ke tattare da kyakkyawan labarin sa-kai shi ne ya zama mafakar gwamnati. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mai gidan da ya ga ƙadangaren ya cike tsagar yana iya fasa kiran magini. Birtaniya ta ga haka. A shekarun tsuke bakin aljihu, tsakanin 2010 da 2019, an rufe ɗakunan karatu na jama'a kusan 800, wasu da dama kuma aka sallami ƙwararrun ma'aikatansu aka miƙa makullan ga masu sa-kai. A shekarar da Ma'aikatar Ƙaga Labarai ta buɗe ƙofarta aka fara wannan yanka.

Waɗanda suka kafa 826 sun fahimci wannan tun da wuri, kuma abin yabo ne a gare su. A 2005 Calegari da Eggers da Daniel Moulthrop suka fitar da littafi kan ƙuncin rayuwar malaman Amurka, masu koyarwa da rana su yi wani aikin da dare don albashi ba ya kai su ƙarshen wata. Daga baya Calegari ta kafa ƙungiyar fafutikar ƙara wa malamai albashi, wadda ta fitar da fim kan batun a 2011. Matar da ta tara dubban masu koyarwa kyauta ita ce ta koma tana neman a biya malamin aji da kyau. Ba saɓani a ciki. Mai sa-kai na zuwa awa biyu a mako, in ya ga dama ya daina. Malami ne ke nan ranar Litinin da safe, shi ya san yaron da bai karya kumallo ba, kuma shi ke zaɓar ajin da zai je cibiyar tun farko.

Sai batun amana. Manya baƙi da ƙananan yara a ɗaki ɗaya ba abin wasa ba ne. A Ingila sai hukumar DBS ta binciki tarihin mutum kafin a bar shi ya yi irin wannan aiki, a Ireland kuwa 'yan sandan ƙasar ke tantancewa. Ana ƙara horo a kan haka, tare da ƙa'idar cewa babba ba ya keɓewa da yaro, ba ya karɓar lambar wayarsa, ba ya neman sa a waje. Akwai kuma tambayar abin da mai sa-kai zai yi in yaro, cikin labarin dodo, ya rubuta abin da ake yi masa a gida. Wanda ya ce wa yaro ya faɗi abin da ke ransa dole ya shirya jin abin da bai zata ba, ya kuma san jami'in da zai kai wa maganar a ranar. Duk wannan na buƙatar ma'aikata masu albashi da ofis da rajista. Aikin kyauta ma yana da tsada.

Najeriya ba baƙuwa ba ce a fagen tura masu koyarwa waje. Tun 1987, zamanin da Farfesa Bolaji Akinyemi ke ministan harkokin waje, aka kafa shirin Technical Aid Corps, wanda ke aika malamai da likitoci da sauran ƙwararru zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da Pasifik na tsawon shekara biyu, gwamnatin tarayya na biyan alawus ɗinsu. Malaman Najeriya sun koyar a Gambiya da Uganda da Jamaika a ƙarƙashinsa. Wannan sa-kai ne na ƙwararru, ƙasa da ƙasa. Irin na Hoxton da Dublin na maƙwabta ne, mutumin unguwa da yaran unguwa.

Masu furfura a Faransa

Misalin da ya fi sauƙin tsari a cikinsu duka na Faransa ne, kuma ba kanti a cikinsa, ba dodo. A tsakiyar shekarun 1980 wata makarantar firamare a birnin Brest ta gayyaci tsofaffin da suka yi ritaya su riƙa zuwa ɗakin karatunta. A 1999 marubuci Alexandre Jardin da Pascal Guénée suka ɗauki wannan dabara suka mayar da ita shirin ƙasa baki ɗaya mai suna Lire et faire lire, wato ka karanta ka kuma sa a karanta. Manyan ƙungiyoyi biyu ke tafiyar da shi a larduna, ɗaya ta harkar ilimi, ɗaya ta iyalai, kuma dubban mutane ke cikinsa.

Sharaɗin shiga shi ne mutum ya haura shekara 50. Ga ma'aikacin tarayya a nan, wanda doka ke sallama a shekara 60 ko bayan shekara 35 na aiki, wannan adadi ba nesa yake ba. Ana ba mai karatun ƙaramin rukuni, yara ba su wuce shida ba, sau ɗaya a mako, a makaranta ko ɗakin karatu ko cibiyar renon yara. Yarjejeniyar shirin ta fayyace cewa ba darasi ya zo yi ba, ba kuma taimakon aikin gida ba, wannan hurumin malami ne. Nasa shi ne ya zaɓi littafi, ya karanta da murya, ya nuna hotuna, ya bar yara su katse shi da tambaya ko gardama. Su ma yaran ba a tilasta musu zuwa. Ana ba sabon shiga wata guda na gwaji, ya ga ko zai iya, makaranta ma ta gan shi. In ya zarce, sai ya sa hannu cewa zai riƙa zuwa a wannan rana da wannan lokaci har ƙarshen shekarar karatu.